Lambar da Aka Rubuta wa Barmani

Sunana Damaris, gyaran waya nake yi a bakin titin Nasarawa, cikin shuɗiyar kwantenar da ke kallon inda masu keke ke lodin Trikania. Shekarata goma sha ɗaya a sana'ar nan, amma har gobe akwai wanda zai leƙo, ya gan ni da ƙarfen narka dalma a hannu, ya tambaye ni ina mai shagon. Na daina ɓata bakina. Sai in nuna masa benci in ce ya jira mai shagon, in ci gaba da aikina har ya gaji ya gane. Ba na son a yanke mini abin da zan iya da wanda ba zan iya ba, kuma wannan halin ne ya jefa ni cikin maganar da zan ba da.

Jikin kwantenata akwai rumfar Malam Isiyaku, mutumin Makera, mai sayar da gwanjon kayan wasan yara. Dila yake sarowa ya farke a tabarma, ka ga 'yar tsana mai ido ɗaya, mota babu taya, bindigar ruwa mai yoyo ta gindi. Mutum ne mai sanyi, in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. 'Yarsa Maimuna takan biyo shi ranakun da jiki ya hana ta makaranta amma bai kai ga kwantar da ita ba. Shekararta goma sha bakwai, sikila ce, siririya, bakinta kuwa babu wanda ya isa ya ja da shi a layinmu. Jinina ya haɗu da nata tun ranar da wani ya tambayi mai shago, ta ce masa mai shagon ya tafi koyon aiki wurin matar da ke zaune a gabansa.

A cikin wata dila ta tsinci abin. Roba ce mai siffar ƙwai, ba ta cika tafin hannu ba, da ɗan gilashi a tsakiya da maɓallai uku a ƙasa. In aka sa batir aka saita agogo, sai ƙwai ya fashe a gilashin, wata halitta ta fito tana tsalle, ita ba kaza ba ita ba kyanwa ba. Da maɓallan nan uku ake ba ta abinci, a kwashe mata kashi, in ta yi ciwo a yi mata allura. In aka yi sakaci ta mutu. Kwana ɗaya namu shekara ɗaya ce a wurinta. Maimuna ta raɗa mata suna Barmani, ta kuma juya mata agogo, rana ta koma dare, don ta yi ta barcinta da rana, ta farka a lokacin da ciwon ƙashi ke hana mai ita runtsawa alhali kowa a gida yana munshari.

Wata Laraba ta shigo shagona ba sallama, ta ajiye abin a kan teburina, kusa da wayar wani da na buɗe. A gilashin babu Barmani, sai wani ɗan kabari da tauraro a kansa. Ta ce sau uku ke nan. Na farko ta ɗauka laifinta ne. Na biyu ba ta tsallake mata abinci ko sau ɗaya ba. Na uku har gadon asibiti ta tafi da ita, ta ɓoye ta ƙarƙashin filo, ana yi mata ƙarin ruwa a hannu ɗaya tana danna maɓalli da ɗayan. Duka ukun, da ƙibarsu da lafiyarsu, suna cika shekara ashirin suka mutu, daidai sha biyun ranarmu.

"Anti, wannan ba ciwo ne ke kashe ta ba," in ji ta. "Wani ne ya zauna ya rubuta ashirin. Ina so ki nemo inda ya rubuta ki goge."

Na yi dariya, na ce mata kayan wasa ne, haka masu yin su ke tsarawa don yaro ya sake farawa. Ba ta taya ni dariyar ba. Ta zauna a bencin kwastomomi ta ba ni labarin wani suna da aka yi a gidansu, yadda ta shiga ɗaukar faranti ta ji Gwaggo, yayar babanta, tana ce wa mata a daina wahalar da yarinyar nan da zancen jami'a, irinsu ai ba sa wuce ashirin. Matan suka yi ta cewa Allah sarki, ita kuwa ta ɗauki farantinta ta fita kamar ba ta ji ba. Wata biyar ke nan da yin maganar.

Raina ya ɓaci har sai da na ajiye abin da ke hannuna. Na ce mata ƙarya ce tsagwaronta, na kawo mata misalin Mama Comfort ta ƙungiyar mawaƙan cocinmu, sikila ce ita ma, ta haura hamsin, jikokinta huɗu, kuma ita ke tsawata wa kowa in an ɓata waƙa. Maimuna ta ce ta sani, tana da waya, ta karanta fiye da haka. Amma duk ranar da abin nan ya cika ashirin ya faɗi, muryar Gwaggo take ji, ta kwana biyu ba ta iya buɗe littafi. Na ce to ta jefa shi a kwata mana ta huta.

"In na jefar sun yi gaskiya ke nan, shi da Gwaggo. Ni so nake in ga ashirin da ɗaya da idona."

Malam Isiyaku yana jin mu ta jikin langalanga. Ya zagayo, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya ce mata cikin lallashi ajali na Allah ne, ba a wasa da irin wannan. Ta ce nata ajalin tana sane yana hannun Allah kuma ta yarda, amma na Barmani wani ƙato ne ya rubuta shi a masana'anta, wataƙila ma yana cin abincin rana yana rubutawa, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta yi masa biyayya ba. Malam ya koma rumfarsa, muka ji yana ta birkice buhuna. Can sai ga shi da irin abin guda uku, ɗaya gilashinsa ya tsage, ya jera mini su a tebur ya fita. A ranar Maimuna ta fasa ƙwai na huɗu, ta ce mini kwana ashirin gare ni.

Na buɗe mai tsagaggen gilashin da yamma. Cikin babu wani abin a zo a gani. A tsakiyar allon akwai wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga kwalta, ƙarƙashinsa ƙwaƙwalwar take, an rufe ta don kada irina su leƙa. Amma a gefe akwai wata 'yar aisi, wato ƙaramar ma'ajiyar bayanai, mai ƙafa takwas, irin wadda nake karantawa a talabijin da kwamfuta in sun rikice. Ina da na'urar karanta ta, 'yar ƙarama mai baki kamar maƙalin shanya. Na cire aisin, na maƙala, na zuƙe duk abin da ke cikinta zuwa tsohuwar kwamfutata. Fuskar kwamfutar ta cika da lambobi da haruffa bibbiyu, layi bayan layi, dubbai, babu kai babu gindi. Wanda ya rubuta su bai bar wa kowa bayani ba, ni kuwa na ƙudurta a raina sai na karanta masa su ko bai so ba.

A ƙidayar kwamfuta, ashirin ana rubuta ta ɗaya da huɗu. Na nemi wannan a cikin tarin lambobin, ta fito a wuri fiye da ɗari uku. Na fara canza su ɗaya bayan ɗaya, in rubuta a aisin, in mayar, in ga abin da zai faru. Na farko da na taɓa, halittar ta fito babu ido ɗaya. Wani ya sa ta riƙa tafiya da ka. Wani kuwa ya sa ta yi ta kashi ba tsayawa har gilashin ya cika, Maimuna ta yi dariya har ta riƙe haƙarƙari ta ce in bar wannan, a kai wa Gwaggo tsaraba. Gwajin ne ke cin rai. Don in san ko na dace sai na kai halittar shekara ashirin, hanyar kuwa ita ce in saita agogonta saura minti ɗaya sha biyun dare, in jira ta ƙara shekara, in sake mayar da agogon, har sau ashirin. Kowane gwaji rabin awa, kuma kullum ƙarshensa ɗan kabarin nan ne da tauraronsa.

A kwana na tara Oga Wilson ya biyo karɓar wani sikirin na waya. Shi ya koya mini aiki a shagonsa na Trikania, shekara uku ina ƙarƙashinsa, kuma har yanzu in ya shigo nakan miƙe. Dokarsa ta farko, wadda ya dasa mini da ƙotar sukudireba a bayan hannu, ita ce kafin ka taɓa cikin kowane abu ka raba shi da batir. Ko agogon bango aka kawo, ka cire batir tukuna sannan ka yi gaisuwa. Ya ga wayoyin mutane a jere suna jira, ya gan ni kuma ina ba ƙwai abinci, ya riƙe baki. Ya ce abin da aka rufe da baƙin ɗigo ba a gyara shi, jefarwa ake yi, shi ya fi shekara ashirin a aikin nan bai taɓa ganin wanda ya shiga cikinsa ba. Na ce masa da ladabi to ya kusa gani. Ya tafi yana ce wa masu keke Damaris ta buɗe asibitin kaji.

Abin da ya cece ni yunwar halittar ce. Na lura in ta tsallake abinci sau huɗu take fara kuka, sai na koma neman inda aka rubuta huɗu, na yi ta taɓawa har na samu wurin da in na mai da shi tara ba ta kuka sai ta tsallake tara. Na dubi lambar da ke gabansa. Na ce in dai mutumin nan hannu ɗaya gare shi, yadda ya ce a duba ko yunwa ta kai huɗu haka zai ce a duba ko shekaru sun kai ashirin. Na nemi ashirin mai wannan lamba a gabanta. Daga ɗari uku suka dawo tara. Na kuma samu wani jadawali a intanet na harshen irin wannan ƙwaƙwalwa, na ga ya yi daidai da abin da ke gabana, na fara karanta layin da kaina ina bin sa da yatsa. Na shida a cikin taran nan shi ne. Layi ne gajere, bai fi lambobi biyar ba, ma'anarsa in shekaru sun kai ashirin, a tsallaka zuwa kabari. Na daɗe ina kallonsa ina jin haushin ƙanƙantarsa.

Na kira Maimuna na nuna mata. Na ce zan iya mai da ashirin ɗin ɗari biyu da hamsin da biyar, iyakar abin da wurin ke ɗauka, ko ma in toshe hanyar kabarin gaba ɗaya, ko an yi wata ba a ba ta abinci ba ba za ta mutu ba. Ta girgiza kai. Ta ce ba ta ce a yi mata wadda ba ta mutuwa ba, wannan ai dutse ne. Kuma ba ta son a canza lamba da wata lamba. In ta yi sakaci Barmani ta mutu, ta yarda, amma kada kowa ya tsaya a gefe yana ƙirga mata. Sai na shafe layin, na cike gurbinsa da lambar da ke nufin wuce, babu komai a nan. Na gwada a ɗaya daga cikin na Malam. Ta cika ashirin, na riƙe numfashi, ta ci gaba da tsallenta. Ta kai ashirin da ɗaya, ta kai talatin. Na bar ta da yunwa don in tabbatar ban lalata sauran ba, ta mutu a talatin da uku kamar kowace halittar kirki. A ranar Barmani ta gaske tana da shekara goma sha tara.

Saura matsala ɗaya, kuma ita ce babba. Dokokin suna cikin aisi mai ƙafa takwas, amma ita Barmani kanta, shekarunta da nauyinta da siffar da ta girma da ita, suna cikin baƙin ɗigon nan, kuma wutar batir ce kaɗai ke riƙe da su. Na gani a na gwaji, in wuta ta yanke ko na ƙiftawar ido ne, komai ya tafi, sai sabon ƙwai. Dole in maƙala na'urata in yi rubutun da batir a ciki, a lokacin da take barci, don in tana barci ƙwaƙwalwar ba ta taɓa aisin. Na gwada sau uku a na Malam, biyu suka yi. Na faɗa wa Maimuna haka ba tare da na rage komai ba, ta ce biyu cikin uku ya fi abin da Gwaggo ta ba ta.

Washegari ba Lahadi ba ce, amma na ce ba na karɓar aiki. Maimuna tana da jarrabawa, ta zo da safe cikin kayan makaranta da farin hijabi, ta damƙa mini abin a hannu, Barmani ta riga ta yi barci. Ta ce sha biyu za ta yi mata a aji, za ta dawo bayan azahar ta tarar da ita da shekara ashirin tana numfashi, gobe kuma ta ga abin da take son gani. Na yanki farin salatif na rubuta da jan alƙalami, kada a cire batir, na manna a tebur daidai gabana. Na jera kayan aiki, na kunna kwamfuta, na share gilashin idona.

Ƙarfe goma da kwata Vicky mai sayar da abinci a tsallaken titi ta faɗo shagon a guje, wayarta tana ɗigar ruwan wanke-wanke. Duk lambobin masu yi mata odar abinci suna ciki, tana ta rantsuwa ta mutu ta lalace. Na fizge wayar, na ɓalle murfin, na zare batir, na kwance ta, na bi allon da sipirit da buroshi, ina yi ina yi mata faɗa don ta ce da har za ta tura ta cikin garin kwaki ya shanye ruwan. Na ajiye ta a gefe ta bushe. Ban gama faɗan ba na juyo kan teburina, na ɗauki sukudireba, na kwance ƙusoshi huɗu na bayan abin Maimuna, na ɗaga murfin. Bakina yana wurin Vicky, ina ce mata gari ba ya gyara waya sai dai ya toshe mata kunne. Farcen babban yatsana kuwa ya shiga ƙarƙashin 'yan batiran nan biyu ya ɓallo su, ya ajiye su a murfin kwalbar da nake zuba ƙusoshi, tsaf, yadda ya saba yi sau talatin a rana shekara goma sha ɗaya.

Sai da na miƙa hannu zan ɗauki maƙalin na ga gilashin fari fat. Jan rubutuna yana nan a tebur, gwiwar hannuna a kansa. Na mayar da batiran da sauri, ko da yake na san abin da zan gani. Ƙwai ne ya fito, yana lilo a hankali yana jiran a saita masa agogo. Ban san lokacin da Vicky ta fita ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma babu wanda zan ɗora wa, ba Oga Wilson ba, ba Vicky ba, ba ƙaton masana'anta ba. Hannuna ne.

Na yi abin da ya rage a yi. Tunda babu sauran abin da za a kiyaye, na rubuta gyaran a aisin cikin minti biyu, na rufe. Sannan na kira Malam Isiyaku na faɗa masa. Ya zauna a benci. Ya ce ya ga yadda nake gudu da agogon na gwaji, in yi wa Allah in yi wa wannan haka, in kai shi ashirin kafin ta dawo, kada ta sani. Ya ce ba ya camfi, amma ya san 'yarsa, in ta ji wannan ma ba ta kai ba, kuma saura awa biyu, zai zauna mata a zuciya, jikinta kuwa ba ya son damuwa. Idonsa ya kawo ruwa. A shekarun da muka yi muna maƙwabtaka bai taɓa roƙona komai ba, ko cajin waya.

Na yarda. Na saita agogon, ƙwan ya fashe, na shiga mayar da shi saura minti ɗaya sha biyu, ina ba ta abinci a gurguje, ina kallon lambar tana hawa. Uku, biyar, takwas. Na san hanyar da zan bi ta fito da dogayen kunnuwa irin na wadda ta tafi, ba mai ganewa. A goma sha ɗaya yatsana ya tsaya. Yarinyar nan ta zo wurina ne don a gidansu ana maganarta a bayan idonta, ana yanke abin da za ta iya ɗauka da wanda ba za ta iya ba. Ga ni nan na zauna ina rubuta mata lamba a ɓoye, ina shirin in miƙa mata da murmushi. Na ɓalle batiran, wannan karon da sanina, na mayar. Na ce wa Malam ya yafe mini, ba zan iya ba. Ya dube ni da wani irin kallo, ya tashi ya koma rumfarsa, bai sake leƙowa ba har aka kira azahar.

Biyu da rabi ta shigo, jakarta a kafaɗa, tana haki don daga bakin titi da sauri ta zo. Malam ya biyo ta ya tsaya a ƙofa. Ban bari ta tambaya ba. Na ɗora abin a tafin hannunta, ƙwan yana lilo, na faɗa mata komai a jere, har da Vicky, har da goma sha ɗayan da na kai na fasa. Abin da kawai ban faɗa ba shi ne wanda ya roƙe ni, amma ta juya ta dubi babanta, ya sunkuyar da kai.

Ta zage ni, kuma na cancanta. Ta ce kwana goma sha tara tana tashi da ciwo tana ba ta abinci, ta ce ko yaron da ya fara koyo jiya zai karanta abin da ya rubuta da hannunsa, ta ce da ta sani da Oga Wilson ta kai wa. Wannan ta ƙarshen ta shige ni. Hawaye suka zubo mata, ta share da gefen hijabi da ƙarfi kamar su ma sun yi mata laifi. Ta zauna. Masu keke suna ta kiran Trikania a waje.

"Layin fa?" ta tambaya a ƙarshe. "Kin goge shi a wannan?"

"Na goge."

"Kin tabbata, ko shi ma hannunki ne ya yi ba ki sani ba?"

Na juyo mata da kwamfutar, na sake karanta aisin a gabanta, na nuna mata gurbin da yatsa. Ta daɗe tana dubawa. Na ce in tana so, yanzu da saninta, zan gudu da agogon ta ga ashirin da ɗaya kafin la'asar, ta huta da jira. Ta kalle ni kamar na faɗi wani abin kunya. Ta ce waccan ba shekara ba ce, danne-danne ne, kuma wa ya ce mini sauri take yi. Ta saita agogon da kanta, ta juya rana ta koma dare yadda ta saba. Ƙwan ya tsage, 'yar halittar ta fito ta yi tsalle biyu ta kwanta barci. Maimuna ta miƙe ta je gaban kalandar da ke jikin bango, ta bi kwanakin da yatsa har ashirin da ɗaya, ta ɗauki jan alƙalamina ta zagaye ranar.

"Ranar Talata ce," in ji ta. "Anti, ke za ki sayi lemo tunda ke kika yi kisan. Baba, kai kuma za ka je ka ɗauko Gwaggo a keke, ta zo nan ta zauna a bencin nan ta gani."

Malam Isiyaku ya ce, "Allah ya kai mu." A ƙasa-ƙasa ya faɗa, idonsa a kan takalminsa, muryar da ake magana da ita a bakin gadon mara lafiya.

Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi. "Amin. Amma Baba sake faɗa. Ka faɗe shi yadda kake faɗa wa mai sayen motar wasa in ya ce zai dawo jibi."

Ya ɗago kai, ya gyara zaman hularsa, ya dubi 'yarsa ido cikin ido.

"Allah ya kai mu," ya ce da ƙarfi, har wani mai keke ya amsa masa da amin daga waje. "Talata ko? Sai in je tun da safe, kin san Gwaggonki da daɗewa wurin shiri."